Daga Ɗakin Aure Zuwa Gaban Alƙali: Wa Zai Raka Ta?

Jama'a masu sauraronmu, na gida da na kasuwa, da direbobin da ke kan hanya, da iyayenmu mata da rediyonsu ke gefen murhu, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan cin zarafin mata ne, musamman dukan da ake yi musu a gidajen aurensu. Za mu duba abin da gwamnatocinmu suka yi alkawari, da abin da suka cika, da abin da ya rage a wuyansu.

Kowace shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, duniya kan ware kwana 16 don wannan magana. Ma'aikatun mata su shirya taruka, matan gwamnoni su yi jawabi, a yi tattaki a kan tituna. Wannan yana da amfaninsa, domin abin da a da ake raɗa a bayan ɗaki yanzu ana faɗinsa a bainar jama'a. Sai dai ni ma'aunina guda ne. Matar da mijinta ya fasa wa baki da ƙarfe 11 na dare a Kurna, ko Rigasa, ko Mabera, ina za ta nufa? Wa zai buɗe mata ƙofa? Wa zai biya kuɗin magani? A ina za ta kwana? Duk manufar gwamnatin da ba ta amsa waɗannan tambayoyi ba, to ba ta iso ɗakin wannan baiwar Allah ba tukuna.

Mu fara da girman matsalar. A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da babban binciken lafiya da zaman iyali, aka bi gida-gida a duk jihohin Najeriya. Cikin matan da ke tsakanin shekara 15 da 49, kashi 31 cikin 100 sun ce an taɓa dukansu ko ji musu ciwo tun daga lokacin da suka cika shekara 15. Cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 36 sun ce sun ga duka, ko tilastawa a shimfiɗa, ko zagi da wulaƙanci daga miji. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, cikin waɗanda aka ci zarafinsu, kashi 55 ba su taɓa neman taimako ba, ba su ma taɓa gaya wa kowa ba. Waɗanda suka nema kuwa, akasarinsu gidan iyaye suka nufa, ƙalilan ne ƙwarai suka taka ofishin 'yan sanda. Sannan kashi 28 na matan da kansu sun yarda cewa miji na da hujjar dukan matarsa a kan ɗaya daga cikin abubuwa irin su ƙona abinci, ko yi masa musu, ko fita ba izini.

Wani zai ce ai binciken ya nuna yankin Arewa maso Yamma ne ya fi ƙarancin adadi. Haka ne, kuma in har abin da ke ƙasa ke nan, sai mu gode wa Allah. Amma mai bincike abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Yarinyar da tun ranar kai ta ɗaki gwaggonninta suka ja mata kunne cewa sirrin miji ba ya fita ƙofar gida, da wuya ta zauna gaban baƙuwa mai riƙe da takarda ta ce jiya an shaƙe ta. Wanda ke son sanin gaskiya ya je kotun shari'a ya zauna safiya guda, ko ofishin Hisba, ko ya tambayi ma'aikaciyar jinya mata nawa ke zuwa da kumburin ido suna cewa ƙofa ce ta buge su.

To me gwamnati ta yi? A ranar 25 ga Mayun 2015, kwana huɗu kafin ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Haramta Cin Zarafin Jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Ƙungiyoyin mata sun shafe fiye da shekara goma suna safa da marwa a Majalisar Tarayya kafin a kai ga haka. Dokar ta ambaci abubuwa da sunansu. Wanda ya doki abokin aurensa, ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai naira 200,000, ko duka biyun. Wanda ya kori matarsa daga gida da ƙarfin tsiya, har shekara 2. Wanda ya tsallake ya bar mata da 'ya'ya ba ci ba sha, har shekara 3. Kaciyar mata, har shekara 4. Watsa wa mutum ruwan batir, ɗaurin rai da rai. Fyaɗe, ɗaurin rai da rai, kuma ko an sassauta wa baligi ba zai gaza shekara 12 ba. Dokar ta ba kotu ikon ba da umarnin kariya, wato takardar da ke hana mai cin zarafin kusantar wadda yake cuta tun kafin a gama shari'a. Ta ce a biya wadda aka cuta diyya. Ta kuma ɗora wa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, alhakin aiwatarwa.

Ku lura, dokar ba ta ce mata kaɗai ba. Namijin da matarsa ta watsa wa tafasasshen ruwa, da yaron da aka lalata, da tsohuwar da aka kora daga gidan marigayin mijinta, duk tana kare su. Mun sha jin labarin matan da suka hallaka mazajensu, kuma jinin mazan nan ba banza ba ne. Amma duk wanda ke zaune cikin jama'a ya san wa aka fi duka a gidajenmu.

Matsalar farko ita ce, bisa tsarin mulkinmu, dokar tarayya irin wannan a Abuja kaɗai take aiki. Kowace jiha sai majalisarta ta zartar da tata, gwamna ya sa hannu. Shekara biyar aka yi ana jan ƙafa. A Arewa maso Yamma Kaduna ce ta fara, a 2018. Sai shekarar 2020 ta zo da kullen korona, aka rufe mata a gida tare da masu dukansu, sannan aka yi wa wata ɗalibar jami'a fyaɗe a cikin coci a Benin, aka yi mata dukan da ya yi ajalinta, aka yi wa wata kuma irin wannan ɗanyen aiki a Ibadan cikin 'yan kwanaki. Ƙasa ta ɗauki zafi. A watan Yuni na shekarar gwamnoni 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata. Daga nan jihohi suka bi sahu: Bauchi a 2020, Jigawa da Sakkwato a 2021, Borno a 2022. Kaduna ta ƙara da hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe. Zuwa 2024 kusan kowace jiha ta karɓi dokar, ana ta jiran Kano, jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Arewa.

Wannan ci gaba ne, kuma wanda ya yi abin kirki a yaba masa. An buɗe rijistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a 2019. An samu cibiyoyin da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, a duba su, a ba su magani, a rubuta shaidar likita, a rarrashe su, duk kyauta: cibiyoyin Salama a Kaduna, cibiyar Waraka a asibitin Murtala na Kano, cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Ma'aikatan waɗannan wurare suna aikin da Allah ne kaɗai zai biya su.

Amma yanzu mu bar takarda, mu bi sawun mace guda. Ba sai na ba ta suna ba, kowace unguwa tana da irinta. Shekararta 24, 'ya'yanta uku, na ƙarshen yana goye. Ta tambayi kuɗin cefane, magana ta yi tsawo, ya cire bel. Da ya fita ta ja mayafi, ta ɗauki na goye, ta bar biyun suna barci, ta tako da ƙafa zuwa gidansu domin ba ta da kuɗin adaidaita. Mahaifiyarta ta dafa ruwa ta gasa mata jiki, tana gasawa tana hawaye. Da gari ya waye mahaifinta ya kira ta zaure. Ya dubi fuskarta, ya kau da kai, ya ce: "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Uwarki da haƙuri ta zauna." Uwar ta ja ta gefe ta ce: "Ki rufa mana asiri, ƙannenki biyu ba su yi aure ba. Kin ga dai halin da gidan nan yake ciki." Bayan kwana uku wan mijin ya zo biko da goro da turmin atamfa, ya durƙusa ya ce: "Baba, sharrin shaiɗan ne, in Allah Ya yarda ba za a sake ba." Aka yi fatiha, ta koma. Wannan shi ne karo na huɗu.

Kada mu yi saurin zagin wannan uba. Yana son 'yarsa. Amma buhun masara ya fi ƙarfinsa, ɗakin da ta tashi a ciki an ba wanta ya yi aure, kuma ya san sunan da za a kira ta da shi in auren ya mutu. Talauci da kunya ne suka yanke hukunci a zauren nan, kuma su biyun ba sa tambayar ko haƙarƙarinta ya karye.

To a ce wannan karon ta yi ta maza, ta wuce ofishin 'yan sanda. Ta tsaya gaban kanta, leɓe a kumbure, ta ce: "Yallaɓai, mijina ne." Sau da yawa amsar da za ta fara ji ita ce: "Baiwar Allah, wannan ai maganar gida ce, ku je manya su sasanta ku." In ta dage, sai a ce a kawo kuɗin man da za a je a kamo shi. Sai a ba ta takarda ta kai asibiti, can ma ta yanki kati, ta biya kuɗin hoton ƙashi, ta jira likitan da zai sa hannu. In an kamo shi, kafin la'asar danginsa sun cika harabar, an yi belinsa, kuma da daddare gida ɗaya za su kwana, ko kuwa ya rubuta mata takarda ya riƙe 'ya'yan. In magana ta kai kotu, a ɗage yau, a ɗage gobe, mai gabatar da ƙara ya ce fayil bai iso ba, likita ba ya samun sukunin zuwa ba da shaida. Wata shida ana abu ɗaya, kowane zama da kuɗin motarsa. Ranar da ta gaji ta ce ta janye, sai a rubuta cewa an sasanta.

A duk tsawon wannan hanya, dokar tana nan daram, ba wanda ya soke ta. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Gugan nan kuwa a hannun gwamnati yake, kuma ga wuraren da yake yoyo.

Na farko, tsohuwar doka ba ta kauce wa sabuwa ba. Kundin Final Kod na Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinsa ne daga na Sudan, shi kuma ya samo asali daga wanda Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya a 1860. Sashe na 55 na kundin ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa in al'adarsu ta yarda da haka, matuƙar bai yi mata mummunan rauni ba. Mene ne mummunan rauni? Sashe na 241 ya lissafa: makanta, kurumta, rasa gaɓa, karaya, cire haƙori, nakasa fuska, ko ciwon da zai kwantar da mutum kwana 20. Ma'ana, in ta kwanta kwana 15 ta tashi, mai dukan na da inda zai fake. Duk jihar da wannan sashe ke cikin kundinta har yau, tana magana da baki biyu, kuma ɗan sandan da ke kanta zai ɗauki wanda ya fi masa sauƙi. Soke wannan sashe ba ya cin ko sisin kwabo. Zama ɗaya ne na majalisar jiha.

Na biyu, kuɗi. Yawancin cibiyoyin da na ambata da tallafin ƙasashen waje aka kafa su, na Birtaniya ko na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Tallafi kuwa yana da wa'adi. Ranar da ya ƙare, in jiha ba ta sa cibiyar cikin kasafin kuɗinta ba, kuma ta saki kuɗin a kan kari, magani zai yanke, mai ba da shawara ta nemi wani aiki. Sannan cibiyoyin a manyan birane suke. Likitoci sun ce maganin da ke kare wadda aka yi wa fyaɗe daga cuta mai karya garkuwar jiki dole a fara shan sa cikin awa 72. Yarinyar da ke ƙauyen da ke bayan Tudun Wada ko Gwadabawa, kafin iyayenta su gama shawarar ko a faɗa ko a rufe, su nemo kuɗin mota, kwana ukun sun wuce. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Jigawa 27. Kowace tana da babban asibiti ko abin da ya yi kama da shi. Ɗaki guda, da ma'aikaciyar jinya biyu da aka horar, da kabad na magani, da takardar likita kyauta, bai fi ƙarfin kowace jiha ba.

Hatta tarar da ke cikin dokar, hauhawar farashi ta cinye ta. A 2015, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000, tarar 200,000 ta kai albashin wata 11. A 2024 da albashin ya koma 70,000, ba ta kai na wata 3 ba. Ga mai hali, wannan kuɗin shan mai ne. Dole a sake duban waɗannan adadi, kuma diyyar da dokar ta ambata ta riƙa shiga hannun wadda aka cuta.

Na uku, wurin kwana. Umarnin kariya ba shi da amfani ga matar da ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta. Gidajen fakewa na mata a Arewa 'yan kaɗan ne, kuma da yawansu na ƙungiyoyi ne masu zaman kansu. Na san wasu za su ce a al'adarmu mace ba ta kwana a gidan gwamnati alhali iyayenta na raye. To a gina abin bisa al'adar. Tun da can, matar da ta gudo daga cuta takan faɗa gidan mai unguwa, ko na liman, ko na alƙali, a ajiye ta cikin iyalinsa har a yi bincike. Malaman fiƙihu ma sun san da ajiye ma'aurata kusa da amintattun mutane don a gano mai cutar wani. Gwamnati ta raya wannan: gida mai mutunci a kowace masarauta, ƙarƙashin kulawar dattijai mata, da abinci, da tsaro, da lauya, da koyon sana'a. Domin macen da ke da jarin ƙuli-ƙuli ko keken ɗinki tana iya cewa ya isa, wadda ba ta da ko sisi kuwa sai yadda aka yi da ita.

Na huɗu, sulhu. Ba na cikin masu raina sulhu. Mafi yawan rigingimun aure a wurin mai unguwa, da liman, da Hisba suke ƙarewa, kuma gidaje da yawa da sulhun suka tsaya. Kuskure ne gwamnati ta tsara manufa kamar waɗannan mutane ba su nan, alhali su ne ƙofar farko. Abin da ake buƙata shi ne a ja musu layi a rubuce. Saɓani a kan cefane, ko kishi, ko zuwa unguwa, a yi sulhu. Amma in an ga jini, ko karaya, ko shaƙewa, ko an ɗauki makami, ko an doki mai ciki, ko an taɓa ƙaramar yarinya, magana ta wuce zaure, a rubuta a miƙa ta gaba. Kuma kowane sulhu a rubuta shi, a sa rana a koma a duba. Mai unguwar da ya karɓi kuɗi ya kashe maganar fyaɗe, masarauta ta karɓe rawaninsa. Jihar Legas ta kafa tawaga ta musamman a 2014, ta mayar da ita cikakkiyar hukuma a 2021, inda ɗan sanda da likita da lauya da ma'aikacin jin daɗin jama'a ke aiki a kan fayil ɗaya. Mu ma muna iya yin namu, mu ƙara da alƙalin kotun shari'a da wakilin sarki.

Yanzu ga maganar da na san tana ran wasu masu sauraro: wai wannan doka ta Turawa ce, an kawo ta don a kashe aure a sangarta mata. Ina girmama mai wannan damuwa, kuma in akwai sashen da ya ci karo da addini, a zauna da malamai a gyara shi, kamar yadda jihohi irin su Sakkwato da Jigawa da Borno suka zauna suka fitar da tasu. Amma a dubi jigon abin. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya yi umarni da zaman alheri da mata, ya kuma tsara a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta in an ji tsoron ɓaraka. A Suratuɗ Ɗalaƙ an hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda, mu kuwa yau da tsakar dare ake watso mata kaya waje. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar da ta tabbatar da cewa mijinta na cutar da ita, alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba, kuma ya hori mijin. Mata nawa ne suka san da wannan haƙƙi? Nawa ne aka tura su yin hul'i, suka sayar da gado da katifa suka fanshi kansu daga wanda ya karya musu hannu?

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, fiye da shekara 200 da suka wuce, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga mazan da ke barin matansu cikin jahilci suna morarsu kamar kayan aikin gida. A zamaninmu, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar dokar iyali ta Musulunci tun 2017, malamai suka zauna suka yi aiki a kan daftarinta. Ashe kare mace daga duka gadonmu ne tun kafin a haifi Majalisar Ɗinkin Duniya. Kuma abin da ke kashe aure shi ne bel da mari da yunwa. Yaron da ya tashi yana ganin ana jan uwarsa a ƙasa, ko dai ya tsani ubansa, ko ya gaji halinsa, wani lokaci ma duka biyun.

Gwamnatocinmu sun nuna cewa in sun ga dama suna shiga harkar aure. Kano ta ɗauki nauyin aurar da zawarawa da 'yan mata tun daga 2012, ta kuma yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Hukumar da ta iya cewa ba a ɗaura aure sai an ga takardar gwajin jini, tana iya cewa ango da amarya su zauna gaban malami da malama a karanta musu haƙƙoƙin juna, a gaya wa ango ƙarara cewa duka laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, a ba amarya lambar da za ta kira. Wanda ya sayi gado da katifa ya kai yarinya ɗaki, haƙƙinsa ne ya waiwaya bayan wata shida ya ga yadda take.

Kada kuma mu manta da matan da rikici ya raba da gidajensu. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanonin gudun hijira na Maiduguri, kuma cikin waɗanda aka zarga har da masu tsaron sansanonin da jami'ansu. A Zamfara da Katsina da Sakkwato, matan da suka fito daga hannun 'yan bindiga suna dawowa da raunin da ba sa iya faɗa, wasu da ciki, wasu mazajensu su juya musu baya. Duk shirin tallafi da za a kai waɗannan yankuna, a haɗa da likita mace da mai rarrashi, kuma a sa mata cikin masu rabon abinci, domin kada a sayi mutuncin mace da kwanon shinkafa.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Maƙwabci, in ka ji ihu ta bayan katanga, ka fita ka buga ƙofa, ka kira mutum biyu ku yi sallama. Baba, in 'yarka ta zo da rauni, ka kai ta asibiti a rubuta kafin ka saurari masu biko, kuma ka gaya wa surukinka da bakinka cewa aure ka ba shi, ba ka sayar masa ba. Malam, ka ware huɗuba guda a kan wannan, ka faɗe ta da Hausar da kowa zai gane. 'Yar'uwa da ke saurarena cikin wannan hali, neman ceto ba tonon asiri ba ne. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, duk suna karɓar koke ba tare da kuɗin lauya ba. In fyaɗe ne, a garzaya asibiti a ranar, kafin wanka, kafin a wanke tufafi.

Ga masu mulki kuwa, kwanaki 16 ɗin da na ambata a farko kan faɗo daidai lokacin da gwamnoni ke kai kasafin kuɗin sabuwar shekara gaban majalisun jihohi. A nan za a gane mai gaskiya. Kowane mai sauraro yana da ɗan majalisar da ya zo ƙofar gidansa neman ƙuri'a, kuma mata ne suka fi tsayawa a layi ranar zaɓe. Ku neme shi, ku tambaye shi: nawa aka ware wa cibiyar kula da waɗanda aka ci zarafinsu, kuma nawa aka saki bara? Yaushe takardar likita za ta zama kyauta a asibitin ƙaramar hukumarmu? Ina gidan fakewa? Sashe na 55 yana nan ko kun soke shi? In jiharku ba ta zartar da dokar ba, me ake jira? In ya ce zai bincika, ku sa masa rana, ku koma. Mu ma a wannan tasha za mu ci gaba da yi musu waɗannan tambayoyi, kuma duk amsar da suka bayar za mu kawo muku ita yadda take.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon tsare amanar raunana. A nan za mu dakata. Sai wani makon in Allah Ya kai mu.